Wasiƙa zuwa ga 'yata kan furotin masu zuga RNA folimares

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, na ga saƙonki inda kika ce furotin CAP, mai zuga RNA folimares (injin da ke kwafe DNA zuwa RNA), ya kama DNA a gwajinki amma ƙwayar gadon ta ƙi tashi, wato ba a kwafe ta ba. Kada gwiwarki ta yi sanyi. Kamawa daban, zugawa daban, kuma nan ne ɗalibai da yawa ke tuntuɓe.

Ki fara tuna sassan folimares ɗin bakteriyar E. coli: alfa biyu, beta, beta mai ɗigo, da omega. Sai wani sashe mai suna sigma 70 ya hau kansa kafin ya gane mafarin kwafi, wato alamomin da ke -10 da -35 (ƙirgen harufan DNA baya daga inda kwafi ke farawa), masu tazarar harufa 17 a tsakani. Mafarin lac, na ƙwayoyin gadon sarrafa sukarin laktos, rarrauna ne, folimares ba ya daɗewa a kansa shi kaɗai. Shi ya sa yake buƙatar mai riƙe shi.

Abin da nake so ki zuba wa ido shi ne wutsiyar alfa. Tana rataye da wata igiya mai lanƙwasuwa, tana iya miƙewa baya. CAP, bayan ya haɗu da cAMP, ƙaramin sinadarin da ke kunna shi, yana zama daidai -61.5, ya lanƙwasa DNA kusan digiri 90, sannan wani ɗan sashe nasa mai suna AR1 ya taɓa wutsiyar nan. Wannan taɓawar ce ke janyo folimares ya zauna. Yanzu ki ƙirga: DNA na kammala zagaye ɗaya a harufa kusan 10.5. In wajen haɗa mafarinki kin ƙara harufa 5 ba da saninki ba, CAP ya koma ɗaya gefen igiyar DNA. Zai kama da ƙarfinsa, amma hannunsa ba zai kai ga alfa ba. Ƙarin 10 ko 11 kan dawo da wani kaso na aikin. Don haka kafin komai ki sake karanta jerin harufan, ki ƙirga da fensir.

Na biyu, ki duba abincin bakteriyar. In akwai gulukos a ciki, cAMP zai yi ƙasa, CAP ya zama ba shi da amfani. A kwalbar gwaji kuwa dole ki zuba cAMP da hannunki.

Ba duk masu zuga ke bin wannan hanya ba. A mafarin gal, na sarrafa sukarin galaktos, CAP na zama a -41.5, ya taɓa har gindin alfa, ya taimaka wajen buɗe igiyoyin DNA biyu. Wani mai zuga, MerR, shi murɗa DNA yake yi, domin tazarar mafarinsa harufa 19 ce, ta yi tsawo, sai zaiba ta kama MerR ya daidaita alamomin. Folimares mai ɗauke da wata sigma daban, sigma 54, kuwa yakan zauna bai buɗe DNA ba har mai zuga NtrC ya zo daga nesa ya ƙona ATP, sinadarin makamashin ƙwayar halitta.

Ki nemi nau'in bakteriyar da aka cire wa ƙwayar crp, wadda ke samar da CAP, da kuma CAP da aka lalata wa AR1, ki jera su tare da naki a gwaji ɗaya. In naki ya yi kama da mai lalataccen AR1, matsalar taɓawa ce. In kina son sanin ko igiyar DNA ta buɗe, ki zuba hefarin, sinadarin da ke kama folimares da ya saki DNA: rufaffen haɗin folimares da DNA zai watse, buɗaɗɗe zai tsaya.

Ki turo min sakamakon da zarar ya fito. Mamanki na gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki