Ɗakin Ibadar Gallarus da Gwanintar Maginansa

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin masu karatu, musamman magina da ɗaliban tarihi, zuwa ga wani ƙaramin ɗakin ibadar Kiristoci da ake kira Gallarus, wanda ke yankin Dingle a gundumar Kerry ta ƙasar Ireland.

Siffarsa kamar kwale-kwalen da aka kife take, kuma cikinsa bai kai mita 5 a tsawo ba, faɗinsa kusan mita 3. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka jera duwatsun: kowane layi yana ɗan shigowa ciki fiye da na ƙasansa, har bangaye biyu suka haɗe a sama suka zama rufi, ba azara ba ginshiƙi. An kuma ɗan karkata kowane dutse zuwa waje domin ruwa ya gangare, shi ya sa cikin ɗakin yake zama a bushe, duk da yawan ruwan saman da ake yi a gaɓar Tekun Atlantika. Ƙofarsa tana fuskantar yamma, taga ɗaya ƙarama kuma tana gabas.

Masana sun saɓa kan shekarunsa. An daɗe ana cewa ginin ƙarni na 7 ko na 8 ne, amma a 1970 masanin kufai Peter Harbison ya kawo hujjar cewa zai iya zama na ƙarni na 12, bisa la'akari da zagayen saman tagar. A ganina hujjar tasa tana da ƙarfi.

Naka,
Mai karatu daga Zariya