Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Aikinmu a Kan Sabar ksmbd

'Yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Kwamitin gudanarwa ya ɗora mini rubuta rahoton bana. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta nasa a babban taro, saboda haka ba zan taɓo shi ba. Nawa shi ne aikin da muka sa a gaba tun taron bara, wato bin diddigin kurakuran rige-rige (inda ayyuka biyu ke taɓa abu ɗaya a lokaci guda) da ɓarakar tsaro a ksmbd, sabar raba fayiloli da ke zaune cikin kanel ɗin Linux, zuciyar tsarin da ke iko da injin gaba ɗaya.

Saboda waɗanda suka shigo cikinmu a tsakiyar shekara, bari in ɗan koma baya. SMB ita ce yarjejeniyar da kwamfutocin Windows ke bi su buɗe fayilolin juna ta ƙofa ta 445. Shekara da shekaru Samba ce ke wannan hidima a Linux, tun da Andrew Tridgell ya fara ta a farkon shekarun 1990, kuma a wajen kanel take aiki. Ita ksmbd, wadda Namjae Jeon ya jagoranci rubuta ta, a ciki aka sa ta. Ta shigo da siga ta 5.15 a ƙarshen 2021, a siga ta 6.4 aka mayar da kod ɗinta ƙarƙashin fs/smb/server, sannan a 6.6 aka cire mata tambarin gwaji. Abin da aka nema shi ne sauri da rashin nauyi. Amma kowane allazi da nasa amanu. Manhajar waje in ta yi tuntuɓe ita kaɗai ke faɗuwa, a tashe ta a ci gaba. Kanel in ya yi tuntuɓe injin ne gaba ɗaya ya tafi, ko kuma wanda ya turo mugun saƙon ya samu gindin zama a inda babu mai iko sama da shi. A Disamban 2022 an ga misalin haka, lokacin da Zero Day Initiative, masu binciken ɓarakar tsaro, ta bayyana CVE-2022-47939 (CVE lambar rajistar ɓaraka ce) ta ba shi makin haɗari 10 cikin 10: saba tana sakin bayanin babban fayil ɗin da aka raba, sannan ta koma ta taɓa shi.

Abin da ya cinye mana rabin shekara

Mun shiga shekarar da burin tura faci, wato gyaran kod, masu yawa. Ba mu cim ma wannan ba, kuma zan faɗi dalili, don ni a ganina dalilin ya fi burin amfani.

A watan Mayu mai binciken tsaro Sean Heelan ya ba da labarin CVE-2025-37899, wanda ya gano da taimakon o3, ƙirƙirarriyar basirar kamfanin OpenAI. Duniya ta ɗauki labarin saboda na'ura ce ta hango kuskuren. Mu kuwa kuskuren kansa ne ya tsaya mana a rai, don irinsa muke farauta. Ga yadda yake. Tun daga SMB 3.0, kwamfuta ɗaya tana iya ɗaura layi fiye da ɗaya a kan zama guda da saba. A ksmbd kowane layi yana da zare, wato ɗan aikin kanel nasa na kansa, da ke karɓar saƙonninsa, sannan a miƙa wa ma'aikatan kanel su aiwatar, kuma ma'aikatan nan a lokaci ɗaya suke aiki, kowa a kan nasa furoseso. To, layin farko ya turo saƙon sallama. Sai smb2_session_logoff ta saki bayanin mai amfani da ke rataye a zaman, wanda a kod ake kira sess->user. A daidai wannan lokacin ma'aikacin layi na biyu yana tsakiyar karanta wannan bayanin. An rushe ɗakin yana ciki.

Abin da ya sa muka daɗe a kai shi ne ɗan uwansa, CVE-2025-37778, wanda ke wajen tantance mai shiga ta Kerberos. Can ma sess->user ake saki. Gyaran da ke fara zuwa wa kowa a rai shi ne, da an saki abin, a mayar da manuninsa, wato adireshin da ke nuna inda yake, fanko, ta yadda mai zuwa daga baya zai duba ya ga babu komai. Heelan da kansa ya nuna cewa wannan bai isa ba muddin akwai layi na biyu. Tsugune ba ta ƙare ba, domin tsakanin sakin da mayar da manunin fanko akwai ɗan taƙi, kuma wanda ya riga ya kwafi manunin a hannunsa ba zai sake dubawa ba. An rage faɗin ƙofar ne, ba a rufe ta ba. Gyaran da aka yi wa na sallamar ya bi wata hanya: an daina sakin bayanin a wurin, aka bar shi sai ranar da za a rushe zaman kansa.

Kwamiti ya yanke cewa kada mu tsaya a karanta bayanin wasu. Gani ya kori ji. Muka gina tsohon kanel mai ɗauke da kuskuren cikin QEMU, injin kwaikwayo, muka kunna KASAN, mai kama taɓa wurin ajiya ba bisa ƙa'ida ba, muka rubuta ɗan shiri mai buɗe layi biyu yana jifan sabar da sallama da neman ɗauri a lokaci guda. Muka bar shi ya kwana yana gudu. Da safe babu komai, saba lafiyarta ƙalau. Haka muka yi ta yi, har wasu suka fara cewa ko dai abin a takarda kawai yake.

Ɗaya daga cikin sababbin mambobinmu ce ta warware mana. Ta tambaya, furoseso nawa muka ba injin gwajin? Muka duba: ɗaya. Wato mun shirya tsere da ɗan tsere guda. Aka ƙara masa, sannan ta ba da shawarar a cusa ɗan jinkiri da mdelay tsakanin inda ake ɗaukar manunin da inda ake karanta abin da yake nunawa, don tagar ta buɗe sosai. Ba a jima da sake kunnawa ba allon ya cika. Wanda bai taɓa ganin rahoton KASAN ba, ya nemi a nuna masa wannan, mun adana shi. Hawa uku ne: na sama yana faɗin inda aka taɓa wurin da aka riga aka saki, na tsakiya yana faɗin wanda ya ware wurin tun farko, na ƙasa yana faɗin wanda ya sake shi. Lambar zaren da ya saki daban, ta wanda ya taɓa daban. Duk gardamar da muka yi makonni muna yi tana nan cikin layukan da ba su cika allo biyu ba.

Daga ranar muka kafa ƙa'idar da ta zama ginshiƙin aikin bana: babu rahoton da zai fita da sunan ƙungiya sai da shirin da ke tayar da kuskuren a gaban ido, kuma babu facin da za mu ce ya yi sai mun bar jinkirin nan a wurinsa mun ga KASAN ya yi shiru.

Inda muka yi garin gyaran gira

Wannan laifinmu ne, kuma da hannuna a ciki, don ni na duba facin na ce ya yi.

Muna nazarin ɓangaren izinin riƙe fayil. Idan kwamfuta ta buɗe fayil ita kaɗai, saba tana ba ta izinin ajiye canje-canje a wajenta. Da wata ta zo buɗe fayil ɗin, sai saba ta aika wa ta farko cewa ta dawo da izinin, ta jira amsa har daƙiƙa 35. Daƙiƙa 35 a wajen kanel shekara ce. Cikinta ta farkon na iya rufe fayil ɗin, ko layinta ya yanke, a share bayanin izinin alhali mai jiran amsa yana riƙe da manuninsa. Wani ɗan uwa ya ga wata hanya da yake zargin hakan na iya faruwa, ya rubuta faci na gwaji da ya sa kwado a kan wurin, don zare ɗaya kawai ya shiga a lokaci guda. A ido ya yi kyau. Muka ɗora shi a injin da ke da lockdep, mai lura da kamun kwaduna, ko fayil na biyu ba mu buɗe ba ya yi ihu: akwai yiwuwar zagayen kwaduna. Facinmu yana kama kwado na ɗaya sannan na biyu, wata tsohuwar hanya kuma tana kama na biyu sannan na ɗaya. Ranar da suka haɗu, kowa ya riƙe nasa yana jiran na ɗan uwansa, su yi cirko-cirko har a kashe injin. Kyawun lockdep ke nan, ba ya jira sai abin ya faru, jerin kamun kawai yake lura da shi. Da mun tura, da mun musanya kuskuren da ba mu tabbatar ba da wanda ke sandarar da saba.

Da muka sake zama, sai muka ga ashe kwado ba shi ne tambayar ba. Tambayar ita ce, wa ke riƙe da wannan abu, kuma har yaushe? Yawancin abubuwan nan suna da ƙidayar masu riƙe: ka ɗauka ka ƙara ɗaya, ka gama ka rage ɗaya, wanda ya mayar da ita sifili shi ke sharewa. Inda ake faɗawa rami shi ne ka samo abu a tebur, ka saki kwadon teburin, sannan ka ƙara ƙidayar. A wannan ɗan tsakanin wani ya kai ta sifili. Dole ƙarin ya faru kwado na hannunka, ko kuma, in ta RCU, hanyar karatu ba tare da kwado ba, ka samo shi, ka yi ƙarin da ke ƙin yiwuwa idan ƙidayar ta riga ta zama sifili. Da muka bi hanyar da ɗan uwanmu ke zargi da wannan ido, muka tarar akwai riƙo tun daga sama. Babu kuskure a wurin. Facin ya koma aljihu.

Sauran ayyuka

Mun gwada faci da aka mayar baya zuwa sigogi masu dogon tallafi, 6.1 da 6.6 da 6.12, muna gudanar da smbtorture, shirin gwaji na Samba, kafin da bayan kowane faci. Aiki ne mai gundura kuma babu wanda ke yabonka a kansa, amma na'urorin ajiya da ke hannun mutane tsofaffin sigogi suke ɗauke da su, ba na jiya ba. Inda sakamako ya fito sarai mun aika da shaidar gwaji.

Ɓangaren binciken tsawon saƙo bai samu kulawar da ta dace ba. Irin kurakuran nan ne da saƙo zai ce bayanina ya fara daga wuri kaza, tsawonsa kaza, saba ta yarda ba ta auna ba, ta karanta abin da ke bayan iyaka. Mun fara shirin jifan saba da gurɓatattun saƙonni, ya tsaya a rabi. Shi ma KCSAN, mai farautar rige-rige a kanel, mun kunna shi sau ɗaya, ya zubo mana gargaɗin da ba mu da hannun tacewa, muka ajiye.

Karatun mako-mako ya ɗore, in ban da lokacin da faifan injin gwajinmu ya mutu ya tafi da hotunan kanel ɗin da ba mu kwafe ba. Yanzu ana kwafewa.

Akwai maganar rahotannin da ƙirƙirarriyar basira ke rubutawa. Bayan labarin watan Mayu, mambobi da dama sun kawo irinsu, an tsara su tsaf, da sunayen ayyukan kod da komai. Mun bi su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wanda ya dogara da hanyar da wani kwado ya riga ya toshe, akwai wanda ya ambaci aikin da babu shi a kod ɗin sam. Ban ce a daina ba, ni ma ina amfani da ita wajen karatu. Amma shi Heelan ma sau da yawa ya maimaita wa o3 tambayar, kuma yawancin amsoshin ba su kama komai ba. Masu kula da kanel mutane ne 'yan kaɗan, tun Fabrairun 2024 kuma har lambar CVE su ke bayarwa da kansu. Ba za mu ƙara musu tarkace ba.

Ƙorafina ɗaya ne, kuma na 'yan gida ne. Wasu sun karɓi fayil su duba tun farkon shekara, har yau shiru, ba su duba ba, ba su kuma ce a ba wani ba. Wanda abin ya fi ƙarfin lokacinsa ya faɗa, babu mai ganin laifinsa.

Abin da kwamiti ke kawowa gaban taro

Muna neman amincewarku a kan abu uku. A kammala shirin gurɓatattun saƙonni, a koya masa buɗe layi biyu a kan zama guda, don layi ɗaya ba ya tono irin kurakuran da muka gani. A zauna a rubuta, ga kowane babban abu a ksmbd, layi da zama da babban fayil ɗin da aka raba da buɗaɗɗen fayil da izinin riƙewa, wa ke ƙirƙirarsa, wa ke sakinsa, wane kwado ke tsaronsa. Sannan a duba buɗaɗɗun fayilolin da ke tsira bayan yankewar layi, domin abin da aka yi don ya rayu bayan mai shi ya tafi, nan ne muke zargin tambayar riƙo za ta fi wuya.

Masu sabar ksmbd a wuraren aikinsu kuma, kafin taro ku duba sigar kanel ɗinku, ku tabbatar ƙofa ta 445 ba ta kallon intanet, wanda ba ya buƙatar layi fiye da ɗaya ya bar zaɓin a kashe cikin ksmbd.conf. Mai son karɓar ɗaya daga cikin ayyukan uku ya ba ni sunansa kafin a buɗe taro, don a raba a wurin.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa