Yin tir daban, shiga yaƙi daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili in ce wani abu kan masu cewa ƙasashen NATO matsorata ne tunda sun yi tir da Rasha amma sun ƙi tura soja Yukren. Ni dai ban ga tsoro ba. Yin tir ai ba wuya, ran 2 ga Maris 2022 ƙasashe 141 suka la'anci mamayar da Rasha ta yi wa Yukren a Majalisar Ɗinkin Duniya, biyar kacal suka ƙi. Amma da Shugaba Zelensky na Yukren ya nemi a rufe sararin samaniyar ƙasarsa NATO cewa ta yi a'a, don rufewar na nufin harbo jiragen Rasha, ita kuma Rasha nukiliya gare ta fa.

Abin da ya fi burge ni shi ne na Nuwamba 2022, makami ya faɗa wani ƙauye a Poland, wadda mamba ce a NATO, ya kashe mutum biyu, a daren nan kowa sai maganar Sashe na 5 na yarjejeniyar NATO yake, wanda ya ce hari kan mamba ɗaya hari ne kan duka, ana ta cewa shikenan yaƙin duniya ya zo, su Biden, shugaban Amurka na lokacin, suna Bali a Indonesiya wajen taron G20 suka zauna da sassafe suka ce a tsaya a bincika tukuna, ashe ma da alama makamin kariya ne na Yukren ɗin.

Inda nake ganin laifinsu shi ne jan ƙafa. Jamus ta ƙi sakin tankokin Leopard sai Janairu 2023 da Amurka ta yarda ta ba da nata tankokin Abrams, alhali kullum mutane na mutuwa.

Naka,
Mai karatu