Kafin ka kai karenka wajen mai horo

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah ka ba ni ɗan fili in yi magana kan abin da mutane da yawa ke jin nauyin faɗa, wato karen gadi da kuɗin horonsa. Ni mai kiwon kaji ne a bayan Tumfure nan Gombe, sau biyu ana hauro min gona cikin dare ana kwashe kaji, shi ya sa na sayi ɗan kwikwiyo irin German Shepherd, tunda dai hadisi ya yi rangwame ga karen farauta da na tsaron dabbobi da na gona.

Da ya ɗan tasa sai na kai shi wajen wani mai horo ya yi wata guda a can, na biya kuɗi kusan na rago mai kyau, ko tambaya ɗaya ban yi ba. Ranar da aka dawo da shi mutumin ya ba shi umarni da Turanci ya zauna, ya kwanta, muka yi ta murna. Washegari Baba maigadi, dattijo ne da Hausa da Fulatanci kawai yake ji, ya yi ta kira har muryarsa ta dushe amma karen ko kallo. Abin da ya fi ci min rai kuma, ko hula ka ɗaga hannu za ka gyara sai ya lafe a jikin bango yana karkarwa, ashe da duka aka koya masa. Irin wannan kare mai tsoro shi ne wata rana zai cafki yaro ba gaira ba dalili.

Mai horo na biyun da na samu shi yake zuwa gonar da kansa sau biyu a sati, kuma gaskiya ya fi koyar da Baba a kan karen. Kalma huɗu suka tsayar da Hausa, zo, zauna, tsaya, bari, in ya yi daidai a ba shi ɗan busasshen kifi nan take, minti goma sha biyar an tashi, sauran kwanakin Baba ya maimaita safe da yamma. Kuɗin kowane zuwa daban ga na mota, kuma yana cin lokaci, amma yanzu in Baba ya ce bari to ko kaza ce a gabansa sai ya ja baya.

Don haka mai niyya ya tambaya tun kafin ya zaro kuɗi: abinci yana cikin farashin ko ni zan kawo, sau nawa za ka dawo ka duba bayan an gama, zan iya tsayawa in ga yadda kake yi? In ya hana ka kallo to ka kama gabanka. Kar kuma ka yarda a fara da koyar da cizo alhali karen bai ma san kira ba.

Kuma fa horon shi ne ƙaramin kuɗin. Akwai allurar ciwon haukan kare tun yana wata 3 sannan duk shekara, cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos ma tana yin ta, kuma cutar nan in alamunta suka bayyana a jikin mutum da wuya ya tashi. Ga allurar parvo, cutar da ke sa kare gudawar jini, ga maganin tsutsa, ga kaska da damina, ga rumfa da ruwa saboda zafin Maris da Afrilu yana wahalar da masu gashi. Masu sha'awar babban karen nan Boerboel na Afirka ta Kudu kuwa su fara lissafa abincinsa na wata tukun.

Ina roƙon ku gayyato likitan dabbobi ya yi mana bayanin jadawalin alluran nan a wannan shafi.

Naku,
Mai kiwon kaji, Tumfure, Gombe