A kusanto da maganin hemofiliya ga masu buƙatarsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in ja hankalin hukumomin lafiya da iyaye a kan cutar hemofiliya, wadda ke sa jinin mutum ya ƙi daskarewa idan ya ji rauni, da kuma maganin da ke tsayar da zubar jinin, wanda yake nan a duniya amma bai cika isa ga yaranmu a kan lokaci ba.

A jikin ɗan Adam akwai sinadarai da ke haɗuwa su toshe rauni, kuma likitoci suna kiransu fakta, sun ba kowannensu lamba. Wanda jininsa ya rasa fakta 8 shi ne mai hemofiliya A, wadda ta fi yawa, tana samun kusan namiji ɗaya cikin kowane 5,000 da aka haifa. Wanda ya rasa fakta 9 kuwa shi ne mai hemofiliya B. Ana gadonta ta wajen uwa, kuma maza ta fi kamawa, ko da yake kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ita ba a taɓa ganin ta a danginsu ba. A wajenmu sau da yawa ranar cire beli ko ranar kaciya ake fara ganewa: wanzami ya gama aikinsa, sauran yara sun warke, amma yaro ɗaya zanensa na ta jiƙewa da jini har washegari, ana ta barbaɗa masa gari ana ɗaurewa.

Maganin shi ne a mayar wa jini abin da ya rasa. Yana zuwa a matsayin farin gari cikin ƙaramar kwalba, a narkar da shi da ruwan da ke tare da shi, a yi allurarsa ta jijiya cikin 'yan mintuna. Da nauyin mara lafiya ake auna shi: kowane yunit ɗaya na fakta 8 a kan kilo ɗaya yana ɗaga sinadarin da kusan kashi 2 cikin 100, saboda haka yaro mai kilo 20 da ake son kai shi kashi 50 zai buƙaci yunit 500. Sai dai ba ya daɗewa a jiki, domin rabin fakta 8 yana ƙarewa cikin awa 8 zuwa 12, fakta 9 kuma ya ɗan fi haka jimawa, don haka babban rauni ko tiyata na buƙatar a yi ta maimaitawa kwanaki a jere. Ƙarin jini da muka saba da shi yana ceton rai idan jini ya zuba da yawa, amma sinadarin da ke cikin leda ɗaya kaɗan ne, ba zai maye gurbin wannan magani ba.

Abin da ya fi damuna shi ne zubar jinin da ido ba ya gani. Mai hemofiliya mai tsanani yakan zubar da jini a cikin gwiwa ko gwiwar hannu ko idon sawu ba tare da ya faɗi ba, wurin ya kumbura ya yi zafi, yaro ya kasa miƙe ƙafa. Iyaye su ɗauka targaɗe ne, su kai shi wajen mai ɗori a murza a ja, wanda hakan ƙara ɓarna ne kawai. Idan jini ya riƙa taruwa a gaɓa ɗaya, guringuntsi ya lalace, yaro ya tashi da gurguntaka. Shawarar masana ita ce a yi allurar cikin awa biyu da fara jin alamar, kuma idan kai ne ya bugu a ba da maganin tun kafin a ɗauki hoto. To, mutumin ƙauye da sai ya yini a mota kafin ya kai asibitin koyarwa, ta ina zai cika wannan sharaɗi?

A ƙasashen da suka wadata ba sa jiran jini ya zuba. Ana yi wa yaro allurar sau biyu ko uku a mako don kariya, iyaye ne ma ke yi a gida bayan an koya musu. Mu kuwa mafi yawan maganin da ke shigowa Nijeriya kyauta ce daga Ƙungiyar Hemofiliya ta Duniya, wadda aka kafa a 1963, ta hannun Gidauniyar Hemofiliya ta Nijeriya. Mun gode musu, amma kyauta tana iya yankewa, kuma ba daidai ba ne a ce magani da ke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya ya dogara ga alherin wasu. Ya kamata gwamnati ta sa shi a kasafin kuɗi da inshorar lafiya, a ajiye shi cikin firji a manyan asibitocin jihohi, a samar da gwajin da ke bambanta A da B, domin fakta 8 ba ya yi wa mai B amfani. A kuma riƙa gwada waɗanda maganin ya daina yi musu aiki, tun da jikin wasu yakan ƙirƙiro garkuwar da ke kashe ƙarfinsa.

Ga iyaye da wanzamai kuma, kafin a sa aska a jikin yaro a tambayi uwarsa ko a cikin 'yan'uwanta maza akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya masa. Idan akwai, a kai yaron asibiti a gwada shi, domin ana iya yi masa kaciya lafiya matuƙar an ba shi maganin kafin a fara da kuma bayan an gama. A nisanta shi da asfirin da allurar tsoka da ƙaho, in ciwo ya dame shi a ba shi farasitamol.

Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku, daga Zariya