Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaye ni batun rufe iyaka

Assalamu alaikum Malam,

A shirin rediyon da aka yi da mu ka tambaye ni: mu da ba mu ƙoshi ba, da me za mu ciyar da 'yan gudun hijira, ba gara a rufe iyaka kowa ya ji da kansa ba? Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Ga amsata.

Nauyin nan gaskiya ne, kuma a wuyan talaka yake. Tun 2019 da 'yan bindiga suka fara koro mutanen Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi, manomin ƙauyukan Gidan Rumji ne ya buɗe musu rumbunsa. Layin rijiya ya ƙara tsawo, ɗan ƙwadago ya tarar da mai yin aikinsa a ƙasa da kuɗinsa. Duk mai musun haka bai yi maka adalci ba.

Amma rufe iyaka ai mun gwada. Najeriya ta rufe nata daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, hauhawar farashin abinci ta tashi daga kusan kashi 13 cikin 100 zuwa sama da 19. Korona ta taimaka wajen tsadar, na sani, amma shinkafa tun kafin korona ta yi tsada. Mai fasa-ƙwauri bai fasa ba, buhu ya ɗaure a bayan babur ya yanki daji. Waɗanda suka ji a jikinsu 'yan dako ne da ƙananan 'yan kasuwa na Jibiya, Illela da Maigatari. Haka aka maimaita bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023. Ita kuwa matar da aka ƙone wa gari, da goyo a baya, ba ta shingen kwastam take bi ba balle a tare ta.

Abin da ke mai da baƙo nauyi shi ne a killace shi a hana shi neman na kansa. Yuganda, mai baƙi sama da miliyan ɗaya da rabi, ta yi doka a 2006 da ta ba su damar aiki da zirga-zirga, tana kuma yanka musu ɗan filin noma. A Kenya, binciken Bankin Duniya da UNHCR, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da 'yan gudun hijira, na 2016 ya gano sansanin Kakuma ya ƙara wa tattalin arzikin yankin Turkana sama da kashi 3 cikin 100.

Inda nake so mu haɗa murya, Malam, shi ne rabon tallafi. A Yuganda ƙa'ida ce kashi 30 cikin 100 na ayyukan agaji ya tafi ga garuruwan da suka sauki baƙin. Mu nemi irin wannan, a tona wa mai masauki rijiyar burtsatse, a ƙara masa aji da ɗakin shan magani.

Wassalam.