Masu masana'antun Zariya su tanadi shaidar kare muhalli tun kafin a tambaye su

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin masu ƙananan masana'antu na Zariya, musamman majema da dukawa da masu sarrafa amfanin gona, kan wani sauyi da ya shigo harkar ciniki. Manyan masu saye, na gida da na ƙetare, sun fara neman shaida a rubuce cewa ba a gurɓata muhalli ba wajen yin kaya, kuma wanda ba shi da ita akan ajiye takardarsa gefe kafin ma a duba farashinsa.

Harkar fata ce ta fi damuna. Tun shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana sayar da kayan fata masu taɓa jikin mutum idan sinadarin kuromiyam nau'i na shida, wanda yake da illa ga lafiya, ya kai miligiram 3 a kowane kilo. Majemanmu da suke jima da bagaruwa kamar yadda suka gada ba su amfani da kuromiyam ko kaɗan, wato sun cika wannan sharaɗi tun kafin a rubuta shi. Sai dai mai saye a Italiya ba zai karɓi rantsuwa a madadin sakamakon gwaji ba, don haka ingantacciyar fata takan tafi da araha hannun dillali, shi kuma ya kai ta gwaji ya kwashe ribar. A shekarar 2015 ɗin ce kuma Turawa suka dakatar da shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, hukuncin ya faɗa kan mai laifi da marar laifi baki ɗaya.

Masu waken suya su ma su shirya, domin dokar da Tarayyar Turai ta yi a 2023 ta ce kafin a shigar da shi can sai an nuna takamaiman wurin gonar, tare da tabbatar da cewa ba a sare daji domin ita ba bayan 31 ga Disamba 2020. An ɗage lokacin fara aiki da dokar, amma ba a soke ta ba.

A nan gida ma dokokin sun daɗe. Akwai dokar tantance illar ayyuka ga muhalli ta 1992, akwai NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da aka kafa a 2007, wadda ta fitar da ƙa'idojin masaƙu da majemu a 2009, ga kuma hukumar kare muhalli ta KEPA a matakin jihar Kaduna. Umarnin shugaban ƙasa na 2017 ya ba kayan gida fifiko a sayayyar gwamnati, amma fifikon ba zai amfani wanda ya kasa nuna inda ruwan dattin masana'antarsa yake zuba ba, balle a ayyukan da Bankin Duniya yake ba da kuɗinsu, inda sharuɗɗan muhalli suke cikin yarjejeniyar kwangila.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne maganin matsalar yana cikin garin nan. Cibiyar NILEST mai nazarin fata tana Samaru, NARICT mai binciken sinadarai tana Basawa, ga Jami'ar Ahmadu Bello da masananta. Ina kira ga waɗannan cibiyoyi da su ware ranakun gwaji a farashin da ƙaramin mai sana'a zai iya biya, su kuma yi bayani da Hausa. Masu sana'a kuwa su haɗu a ƙungiya, domin kuɗin samun takarda irin ISO 14001, wato shaidar tsarin kula da muhalli da duniya ta yarda da ita, ya fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma kowa ya buɗe littafi yana rubuta sinadarin da ya saya da inda ya zubar da dattinsa. Kada wanda ya yarda a sayar masa da takardar bogi, domin ranar da asiri ya tonu sunan Zariya ne zai ɓaci.

Ita kuma hukumar kula da ba da kwangila ta jihar Kaduna, ina roƙonta ta riƙa bayyana sharuɗɗan muhalli filla-filla a cikin sanarwar neman 'yan kwangila, tare da ba da isasshen lokacin shiri.

Wassalam.

Mai karanta jaridarka,
Samaru, Zariya